Pendragon a ajin adabi: abin da wasan baraden Sarki Arthur ke koyarwa, da abin da ya gagare shi

Duk malamin da ya taɓa koyar da adabin Ingilishi na zamanin tsakiya, wato abin da aka rubuta a Ingila daga bayan mamayar Normandawa ta 1066 zuwa ƙarshen ƙarni na 15, ya san cewa tsufan harshen ba shi ne babbar matsala ba, domin akwai ƙamus, akwai kuma juyi zuwa Ingilishin yau. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗalibi ya karanta labari daga farko har ƙarshe, ya iya maimaita shi tiryan-tiryan, amma ya kasa gane dalilin da ya sa mutanen cikinsa suke yin abin da suke yi. Na sha ganin haka a ƙarshen waƙar nan mai suna Sir Gawain and the Green Knight, inda Gawain yake komawa fadar Sarki Arthur kunya ta lulluɓe shi, saboda ya ɓoye wata koriyar ɗamara da ya kamata ya miƙa wa mai masaukinsa. Kusan kowace shekara sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to mene ne laifinsa, tunda ransa yake neman tsirarwa?" Tambayar tana kan hanya, sai dai tana nuna cewa mai yin ta yana tsaye ne a wajen labarin yana leƙe ta taga, bai shiga ciki ya ji nauyin alkawarin a wuyansa ba.

Neman hanyar shigar da ɗalibai cikin labarin ne ya kai ni ga Pendragon, wasan da Greg Stafford ya tsara, kamfanin Chaosium na Amurka ya fara fitar da shi a 1985. Stafford ya rasu a 2018, amma aikin bai tsaya ba, domin kamfanin ya fitar da akwatin masu farawa na bugu na shida a 2023, babban littafin dokokin ya biyo baya a 2024. Ba don makaranta aka yi shi ba, don nishaɗin manya aka yi shi, sai dai ƙashin bayansa shi ne Le Morte d'Arthur na Sir Thomas Malory, littafin da marubucinsa ya kammala yana tsare a wajajen 1469 zuwa 1470, William Caxton kuma ya buga shi a 1485. Wannan dangantaka ce ta sa na gwada shi a aji na tsawon zango biyu, kuma abin da na gani shi ne zan bayyana a nan.

Ga wanda bai saba da irin wannan wasa ba, ba na kwamfuta ba ne, ba kuma wasan kwaikwayon dandamali ba ne da ake haddace magana. Mutane huɗu ko biyar ne suke zama a kewayen tebur, kowa ya shiga rigar wani barde, yana riƙe da takarda mai ɗauke da sunan barden da asalinsa da ƙarfinsa da halayensa. Wani mutum ɗaya kuma, jagoran wasa, shi ne yake bayyana wuri da abin da ke faruwa, yana kuma magana da bakin sauran mutanen labarin, daga sarki har mai gadin ƙofa. Kowane ɗan wasa yana faɗin abin da bardensa zai yi, idan kuma abin yana da haɗari ko shakka, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20. Idan lambar da ta fito ba ta wuce gwanintar barden a wannan fanni ba, ya yi nasara, idan ta zo daidai da ita, ya yi nasara ta musamman, idan kuwa ta wuce, ya gaza. Iyakar dokar da ɗalibi yake bukata a ranar farko ke nan, kuma ban ga wanda ya kasa kama ta cikin minti goma ba.

Akwatin masu farawa shi ne na yi aiki da shi. A cikinsa akwai taƙaitattun dokoki, da wani labari da mutum zai iya bugawa shi kaɗai don ya koyi tsarin kafin ya tsaya gaban jama'a, da barade takwas da aka riga aka shirya, maza da mata, da 'yan lidon da ake bukata, da jerin labarai da suka fara daga gasar da aka yi a Landan inda yaro Arthur ya zare takobi daga dutse. An yi aikin da kyau, zanen yana da ban sha'awa, rubutun kuma a bayyane yake. Wanda kuɗin aiko da kaya daga waje ya yi wa yawa yana iya sayen kwafin da ake saukewa ta intanet ya buga shafukan da yake so, ni ma takardun barade kawai na riƙa bugawa.

Ba a nan gizo yake saƙar ba. Abin da ya bambanta Pendragon da sauran wasannin irinsa, wanda kuma ya sa ya dace da ajin adabi, shi ne yadda ya mai da halin mutum abin aunawa kamar yadda ake auna ƙarfin damtse. Kowane barde yana da halaye 13 da aka jera bibbiyu, kowane da kishiyarsa: kamun kai da sha'awa, himma da lalaci, yafiya da ramuwa, kyauta da rowa, gaskiya da yaudara, adalci da son rai, jinƙai da ƙeta, tawali'u da girman kai, jarumta da tsoro, da sauransu. Jimillar kowane biyu 20 ce, saboda haka wanda jinƙansa ya kai 14, ƙetarsa 6 ce, kuma duk abin da ɗaya ya samu, ɗayan ne ya rasa. Idan hali ya kai 16 ko fiye, barden ya shahara da shi, mutane sun san shi da shi, kuma daga nan ba kullum ɗan wasa yake da ikon kauce masa ba. Jagora yana iya cewa a jefa ɗan lido a kan girman kan barde lokacin da aka zage shi a bainar jama'a, idan girman kan ya yi rinjaye, to barden zai mai da martani ko da wanda ke riƙe da takardarsa ya so ya yi shiru. Da farko ɗalibai sun ƙi wannan doka, suna ganin an ƙwace musu linzami. Ni kuwa ina ganin ita ce mafi darajar abin da ke cikin akwatin, domin haka mutanen Malory suke: sun san abin da ya kamata, sun ma rantse a kansa, amma halinsu yakan riga hankalinsu isa wurin.

Darasin da ya fi kowane amfani a zangon farko ban ma same shi a cikin akwatin ba, daga tsarin halayen na ɗauko shi. Na raba wa aji takardar barde da babu komai a kanta, na ce su cike ta da halayen Gawain, da sharaɗin cewa duk lambar da suka rubuta sai sun kawo ɗango daga waƙar da ya goyi bayanta. A lokacin mun karanta kashi biyu na farko cikin huɗu, wato mun ga Koren Barde ya shigo fada a bikin sabuwar shekara da gatarinsa, ya nemi wanda zai sare shi sau ɗaya bisa sharaɗin ya rama bayan shekara da kwana ɗaya, mun ga Gawain ya karɓi ƙalubalen a madadin kawunsa sarki, ya fille masa kai, shi kuwa ya sunkuya ya ɗauki kansa ya hau doki ya fita. Jarumta ba a yi gardama a kanta ba, kowa ya ba shi 17 ko 18. A kan tawali'u aka kai ruwa rana. Wata ɗaliba ta kawo wurin da Gawain yake cewa shi ne mafi rauni a cikin barade, mafi ƙarancin wayo, wanda rasa shi ba zai zama babbar asara ba, ta ce wannan ai tawali'u ne tsantsa. Wani ya ce sam, wannan ladabin fada ne, irin maganar da bafade yake yi a gaban sarki don a ƙara ganin girmansa, ya kuma kawo garkuwar Gawain mai tauraro mai tsini biyar, wadda mawaƙin ya ɗauki dogon lokaci yana bayyana cewa tana nuna cikar mai ita ta fuskoki biyar sau biyar. Ya ce wanda ya yarda ya rataya irin wannan alama ba ya ganin kansa ƙarami. Minti arba'in suka yi suna buɗe shafuka suna karanta wa juna ɗango, ni ina zaune ban ce uffan ba. A shekarun baya nakan yi tambaya a kan wannan garkuwa in ji shiru kamar an yi ruwa an ɗauke.

Mako na gaba, kafin su karanta kashi na uku, muka buga shi. Na zama mai masauki, na gabatar da yarjejeniyar kamar yadda take a waƙar: ni zan fita farauta kwana uku, abin da na samo na Gawain ne, abin da shi kuma ya samu a cikin gida nawa ne. Ranar farko barewa, ta biyu aladen daji, ta uku yanyawa, a gida kuma uwargidan mai masauki tana zuwa wurin baƙo tana jarraba shi da magana. Ban bari an kwaikwayi wannan ɓangare da baki ba, na bayyana shi a taƙaice cikin mutunci, domin ajin maza da mata ne, kuma ba shi ne abin da nake nema ba. Abin da nake nema shi ne rana ta uku, lokacin da ta miƙa masa ɗamarar ta ce duk wanda ya ɗaura ta ba makamin da zai kashe shi, ta kuma roƙe shi kada ya gaya wa mijinta, alhali washegari ne zai je ya miƙa wuyansa ga gatari. Ɗalibin da ke riƙe da takardar Gawain, wanda ya fi kowa kare shi a makon da ya wuce, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, idan na karɓa na ɓoye, na ci amanar mai gida. Idan na karɓa na miƙa masa, na tona asirin matarsa. Idan na ƙi, gobe in mutu." Gaba kura, baya sayaki. Na ce a gwada gaskiyarsa da yaudara, gaskiyar da su da kansu suka ba 16, sai lamba 19 ta fito. Ajin ya ɗauki salati. Ya karɓi ɗamarar, da yamma ya tarbi mai gida ya ba shi sauran abin da ya samu, ya yi shiru a kan ita.

Da suka je suka karanta ƙarshen, suka tarar da hukunci uku a kan laifi ɗaya: Koren Barde, wanda ashe shi ne mai masaukin, ya ɗan yanki Gawain a wuya a sara na uku ya ce ya ɗan gaza kaɗan ne kawai, kuma don son ransa ya gaza, saboda haka zarginsa da sauƙi, Gawain ya tuhumi kansa da tsoro da kwaɗayi ya ce zai ɗaura ɗamarar har abada don tuna kunyarsa, mutanen fada kuwa suka yi dariya suka amince kowa ya rataya koren ƙyalle don girmama shi. A wannan shekara ba wanda ya tambaye ni mene ne laifinsa. Gardamar ta koma kan wanne ne cikin hukuncin uku mawaƙin ya fi karkata gare shi, wadda ita ce tambayar da masana suka daɗe suna tattaunawa.

Akwai wani abu da ya kamata malami a wurarenmu ya shirya masa tun kafin ya shiga aji. Wasu ɗalibaina ba su saki jiki da ɗan lido ba, saboda kusancinsa da caca da kuma abin da malamai suka faɗa a kan wasannin da ake jefa shi, kuma ban ga dalilin tilasta musu ba. Na yanka takardu 20, na rubuta lamba 1 zuwa 20, na nannaɗe su na zuba a hula, duk lokacin da ake bukata sai a zari ɗaya a duba a mayar. Lissafin bai canja ko kaɗan ba, kowa kuma ya samu natsuwa. Hasali ma hakan ya ba ni damar nuna musu cewa a gabatarwar The Canterbury Tales ta Geoffrey Chaucer ma da ƙuri'a aka zaɓi wanda zai fara ba da labari, ta kuma faɗa kan barde.

Bayan halaye, wasan yana da wani rukuni na abubuwan da ke motsa zuciyar barde: biyayya ga ubangida, ƙaunar dangi, mutunci, karrama baƙo, ƙiyayya ga wani abokin gaba, da soyayyar wata mace idan ta samu. Barde yana iya kiran ɗayansu a lokacin tsanani, idan ya dace sai ƙarfinsa ya ƙaru, idan ya gaza sai baƙin ciki ya kama shi, idan abin ya yi muni ƙwarai sai hankalinsa ya gushe ya shiga daji. Wanda ya karanta Malory zai gane inda aka samo wannan, domin Lancelot da kansa, babban barden Arthur, ya yi shekara biyu yana yawo cikin hauka bayan Sarauniya Guenevere, matar Arthur, ta kore shi. Da wannan tsari na koyar da kashi na ƙarshe na littafin, wanda a ganina shi ne ƙololuwar rubutun zube na Ingilishi kafin zamanin Shakespeare. Rushewar daular Arthur ba daga mugaye ta fi fitowa ba, ko da yake Agravain da Mordred, wasu baraden fadar Arthur, ne suka kunna wutar da suka kama Lancelot a ɗakin sarauniya. Ta fito ne daga mutanen kirki waɗanda wajibai biyu suka ja su ta fuskoki biyu. Da aka yanke wa sarauniya hukuncin ƙonawa, Lancelot ba zai bari a ƙone ta ba, a wajen ceto ta kuma ya kashe Gareth da Gaheris, ƙannen Gawain, ba tare da ya gane su ba, alhali ba su ɗauke da makami, kuma shi ne da hannunsa ya naɗa Gareth barde. Gawain, wanda ya ƙi shiga makircin tun farko, ya kuma ƙi halartar ƙona sarauniyar, shi ne ya zama mai hana sulhu saboda jinin 'yan'uwansa. Arthur yana kuka yana yaƙar mutumin da ya fi so. Na ba rukunoni uku takardun waɗannan mutum uku, kowanne da biyayya da ƙauna masu lamba sama da 16, na ce su nemo mafita. Sun gwada ta kowace hanya, sun kasa samun wadda ba ta karya wani abu da barden ba zai iya rayuwa ba tare da shi ba. Wannan gazawa tasu ta bayyana musu ma'anar masifar da ke cikin littafin fiye da duk bayanin da na taɓa yi a kan allo.

Haka ma rantsuwar da Malory ya ce baraden suna sabuntawa kowace shekara a idin Kiristoci na Fentikos, cewa ba za su yi kisan gilla ba, za su guji cin amana, za su yi jinƙai ga wanda ya nemi jinƙai, za su taimaki mata, ba kuma za su shiga faɗan zalunci don so ko don abin duniya ba. Idan aka karanta ta ita kaɗai, jerin nasihohi ce. Idan aka fara buga abin da ya gabace ta, inda Gawain yana matashi ya ƙi yafe wa wani barde da ya kashe masa karnuka, ya ɗaga takobi, wata mace ta faɗa a kan barden don ta kare shi, saran ya same ta, sai ɗalibi ya gane cewa kowace jimla ta rantsuwar amsa ce ga wani jini da aka riga aka zubar.

Wasan yana da wani tsari na shekaru, inda kowane labari yake ɗaukar shekara guda, da hunturu kuma a duba wanda ya yi aure, wanda ya haihu, wanda tsufa ya fara kama shi, har ɗa ya gaji ubansa. Babban kundin da Stafford ya fitar a 2006 ya bi wannan hanya daga shekara ta 485 zuwa 566. Abu ne mai ban sha'awa, amma ba na aji ba ne, domin zango goma ba zai ishe shi ba.

Yanzu sai inda wasan ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Na farko, ba ya koyar da harshe ko kaɗan. Waƙar Gawain, wadda ta iso gare mu ta kwafin hannu guda ɗaya tak da ke ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan, tana da ɗango 2,530 a cikin baiti 101, an rubuta ta a ƙarshen ƙarni na 14 da karin harshen arewa maso yammacin tsakiyar Ingila, wanda ya fi na Chaucer wuya nesa ba kusa ba. Ƙarfinta yana cikin yadda kowane dogon ɗango yake maimaita sautin farko na kalmomi, da yadda kowane baiti yake rufewa da gajeren ɗango da wasu huɗu masu amsa-amo. Babu lambar da za ta sa ɗalibi ya ji wannan a kunnensa. Na lura cewa a makonnin da muka yi wasa da yawa, rubutun ɗalibai ya cika da bayanin halaye da dalilai, amma ya ƙaurace wa salo gaba ɗaya, kamar dai waƙar rahoton shari'a ce. Dole na mai da doka cewa ba a fara wasa sai an karanta baiti biyu da babbar murya a harshen asali, ba a kuma tashi sai an koma ga nassi an ga inda abin da muka buga ya saɓa wa abin da mawaƙin ya rubuta.

Na biyu, duniyar wasan ta barade ce kawai. Manomi da ɗan kasuwa da mai niƙa suna nan, amma a matsayin mutanen gefen hanya. Adabin wancan zamani kuwa ya fi fagen barade faɗi. Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya tara matafiyansa a masaukin Tabard da ke Southwark, cikinsu har da mai niƙa da mai dafa abinci da likita da matar nan ta garin Bath mai aure biyar, kuma daɗin littafin yana cikin yadda suke katse juna suna ramuwa da labari. William Langland ya rubuta a kan manomi da yunwa da rashawa. Julian ta Norwich da Margery Kempe sun rubuta, ko sun sa an rubuta, abin da ya shafi ibadarsu. Pendragon ba shi da abin cewa a kan ko ɗaya daga cikinsu. Adabin da ya gabaci 1066 ma abin ya fi muni, domin a cikin wasan Saksonawa su ne abokan gaba masu mamaya, barade da yawa ma suna farawa da ƙiyayyarsu a rubuce a takarda, alhali waɗannan mutane su ne masu harshen da aka rubuta tsohuwar waƙar nan Beowulf da shi, su ne kuma kakannin Ingilishin da Malory ya yi rubutu da shi. Wannan batu ne mai kyau na tattaunawa, yadda Ingilawa suka rungumi gwarzon da labarinsa ya ginu a kan yaƙar kakanninsu, amma sai malami ya ɗago shi da kansa.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni wahala wajen duba jarrabawa. Stafford ya haɗa Malory da labaran Faransa da na Wales da tarihin Geoffrey na Monmouth, ya ƙara da nasa, ya dama su suka zama abu guda mai santsi. A tebur wannan gwaninta ce, a aji kuwa tarko ne, domin abin da muke son ɗalibi ya sani shi ne bambancin waɗannan majiyoyi: cewa Geoffrey ya rubuta nasa da Latin a wajajen 1138, cewa mawaƙi Wace ne ya fara ambaton Zagayayyen Tebur, wato teburin baraden Arthur, a 1155, cewa Lancelot a matsayin masoyin sarauniya daga Chrétien de Troyes na Faransa ya fito, cewa Gawain na waƙar ɗamara mutum ne mai ladabi da tsoron Allah, na Malory kuwa mai riƙo ne da saurin fushi. Wani ɗalibi mai ƙoƙari ya rubuta mini cewa Arthur ya zare takobi a shekara ta 510, kamar abin da ya karanta a Malory. Wannan shekara ta wasan ce. Tun daga ranar nake buɗe kowane zama da faɗin abin da ke cikin nassi da abin da mai wasan ya ƙara.

Sai maganar yawan jama'a da lokaci. An tsara wasan don mutum biyar ko shida su yi awa uku ko huɗu, ni kuwa ina da aji mai cike da ɗalibai da awa biyu a mako. Hanyar da ta yi mini aiki ita ce a ba kowane rukuni barde ɗaya, su yi shawara a tsakaninsu, mutum ɗaya ya yi magana da yawunsu, a kuma zubar da kusan duk dokokin faɗa, waɗanda suka cinye shafuka da yawa na littafin ba tare da amfani ga darasina ba. Akwai tsarin da aka yi musamman don aji, kamar Reacting to the Past da Mark Carnes ya faro a kwalejin Barnard ta New York a ƙarshen shekarun 1990, inda ɗalibai suke ɗaukar matsayin mutanen tarihi su yi jawabi su yi rubutu. Ya fi sauƙin gudanarwa a babban aji, amma ya ginu ne a kan muhawara da rinjayar abokin hamayya, ba shi da wannan abu na Pendragon inda hali yake ƙwace linzami daga hannun mai shi. Abin da bai ba ni wahala ba shi ne shawo kan ɗalibai su shiga rigar wani, wataƙila don wanda ya san yadda samari suke ɗaukar muƙaman sarki da alƙali a wasan kalankuwa ba baƙo ba ne ga wannan, wanda kuma ya ga barade cikin sulke da lifidi a hawan salla ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin dangantakar barde da ubangidansa. Na dai riƙa jan hankalinsu cewa kamanni ba ya nufin abu ɗaya ne, domin baraden Malory Kiristoci ne na Ingilar ƙarni na 15, kuma a wannan matsayi ya kamata a karanta su.

Malamin da manhajarsa ta ƙunshi Malory ko waƙar Gawain, kwalliya za ta biya masa kuɗin sabulu idan ya sayi akwatin masu farawa, ba ya kuma bukatar babban littafin sai idan yana son ɗalibai su ƙirƙiri baradensu da kansu. Wanda Chaucer ne kaɗai a gabansa ya ajiye kuɗinsa, domin littafin Chaucer da kansa wasa ne da ke da jagora da doka da lada, ana iya buga shi da allo da alli. A cikin mako goma sha biyu, zama uku na wasa sun ishe ni, kowanne a gaban karatun da zai biyo baya, ba a bayansa ba, domin idan ɗalibai sun riga sun san ƙarshen labari sai su riƙa kwaikwayonsa maimakon su yanke shawara. A zango mai zuwa ina da niyyar ƙara na huɗu a kan ganawar ƙarshe tsakanin Arthur da Mordred, inda aka kusa ƙulla sulhu, kowane ɓangare ya gargaɗi mutanensa cewa da sun ga an zare takobi su afka, sai maciji ya sari wani barde a ƙafa, ya zare takobi don ya kashe shi. Zan ba ɗalibi ɗaya takardar wannan barde da Malory bai ko ambaci sunansa ba, ba tare da na gaya masa ko shi wane ne ba.